Yadda Ake Biyan Holsela Haƙƙinsa a Cinikin Gidan Haya a Amurka

A kasuwar dabbobi akwai dillali, akwai kuma ɗan baranda. Dillali yana haɗa mai saye da mai sayarwa, ya karɓi la'adarsa ya yi gaba. Ɗan baranda kuwa shi ke kama ragon a kan wani farashi, ya sallama wa wani da ƙari kafin kasuwa ta watse, ribarsa ita ce abin da ke tsakani. Mutumin da Amurkawa ke kira holsela a harkar gidaje ya fi kama da ɗan baranda, sai dai shi ba gidan yake saye ba. Yana neman mai gidan da ke son rabuwa da gidansa cikin sauri, su sa hannu a yarjejeniyar saye a farashi mai rahusa, ya ajiye ɗan kafin alƙalami, sannan ya nemo mai kuɗi ya miƙa masa yarjejeniyar a kan wani lada. Takarda yake sayarwa, wato haƙƙin sayen gidan a wancan farashi.

Masu sayen gidajen haya a birane irin su Cleveland, Memphis, Indianapolis, Birmingham da Detroit suna samun gidaje da dama ta hannun irin waɗannan mutane, domin yawancin gidajen ba sa fitowa a rumbun tallan da dillalai masu lasisi ke amfani da shi. Gidan gado ne da magada suka gaji da shi, ko gidan da haraji ya taru a kansa, ko na mai gidan da ɗan haya ya fitar masa da rai. Holsela yana kashe kuɗi sosai kafin ya samu ɗaya: wasiƙu ɗari-ɗari, kiran waya, sayen jerin sunaye, yawo unguwa-unguwa yana duba gidajen da ciyawa ta rufe ƙofarsu. Ciniki da yawa yana lalacewa a hannunsa bai samu ko sisi ba. Saboda haka ladansa guminsa ne. Amma gidan ne ke faɗin nawa zai iya ɗauka, ba bakin holsela ba, ba kuma rowar mai saye ba.

Mataki na 1: Tabbatar yana da abin da zai sayar

Kafin a yi maganar kuɗi, nemi kwafin yarjejeniyar da ke tsakaninsa da mai gidan. Wasu za su rufe farashin da baƙin alƙalami su turo, kuma a farkon magana ba laifi. Abubuwa huɗu ne dole ka gani da idonka: sunan mai sayarwa, sunan mai saye, ranar da yarjejeniyar za ta ƙare, da layin da ya ba da izinin miƙa ta ga wani. Idan babu wannan izini, ko an rubuta cewa sai da yardar mai gida, to sai an samo yardar a rubuce. Gidajen da banki ya ƙwace yake sayarwa yawanci yarjejeniyarsu ta hana miƙawa ɗungurungum.

Daga nan shiga shafin ofishin rajistar filaye na gundumar, wanda a mafi yawan wurare kyauta ne, ka duba sunan da ke kan gidan. Idan sunan mutum biyu ne, mutum ɗaya ya sa hannu, yarjejeniyar gurguwa ce. Idan mai gidan ya rasu kuma ɗansa ne ya sa hannu ba tare da kotun gado ta naɗa shi ba, ba shi da ikon sayarwa tukuna.

Sunan mai saye yana tona wani abu dabam. Sau da yawa wanda ya turo maka hoton gidan ba shi ne mai yarjejeniyar ba. Ya gani ne a wurin wani, shi ma wancan ya gani a wurin wani, kowa ya ɗora dala 3,000 ko 5,000. Gidan da aka kama a 45,000 sai ya iso gare ka a 62,000, kuma babu ɗaya daga cikin na tsakiyan da ya taɓa taka ƙofarsa. Tambayi kai tsaye: sunanka ne a kan takardar? Idan ya ce abokin aikinsa ne, nemi takardar haɗin gwiwarsu, ka kuma nemi a haɗa ka da mai yarjejeniyar. Lada ɗaya kake biya. Yadda za su raba shi tsakaninsu ne.

Mataki na 2: Duba dokar jihar da gidan yake

Kowace jiha da nata tsarin, kuma a 'yan shekarun nan an yi ta matse wannan sana'a. Texas tun 2017 ta wajabta wa holsela ya bayyana cewa haƙƙin yarjejeniya yake sayarwa, ba shi ya mallaki gidan ba. Illinois a 2019 ta ce wanda ya yi irin wannan ciniki fiye da sau ɗaya cikin wata 12 sai ya riƙe lasisin dillanci. Oklahoma ta wajabta lasisi daga Nuwamba 2021. Pennsylvania ta yi doka a 2024 wadda ta fara aiki a Janairu 2025, ita ma ta nemi lasisi, ta kuma ba mai gida damar fasawa cikin wani wa'adi. South Carolina a 2024 ta toshe tallata gidan da ba naka ba kusan gaba ɗaya.

Wannan ya shafe ka kai mai saye domin cinikin da aka gina a kan yarjejeniyar da ta saɓa doka yana iya rushewa kana tsaka da shi, kuɗinka na maƙale. Kowace jiha tana da hukumar lasisin dillalan gidaje, kuma ana iya neman sunan mutum a shafinta cikin minti biyu. Ganawar sa'a ɗaya da lauyan gidaje na jihar, kafin ciniki na farko, ta fi arha nesa ba kusa ba a kan shari'a.

Mataki na 3: Fitar da farashinka daga kuɗin haya, ka koma baya

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Holsela zai turo maka takarda mai lambobi uku: darajar gidan bayan gyara, kuɗin gyara, da kuɗin haya. Ɗauke su a matsayin tayi. Kowace lamba sai ka sake nemo ta da kanka.

Akwai ƙa'idar da masu gyara gida su sayar ke amfani da ita: kashi 70 cikin 100 na darajar gida bayan gyara, a cire kuɗin gyara. Holsela da yawa da ita suke sa farashi. Ga mai riƙe gida don haya ba ta wadatar ba, domin kai ba sayarwa za ka yi ba, haya ce za ta ciyar da gidan shekara da shekaru. Ga misali da lambobin da muka ƙirƙira don lissafi kawai.

Gida ne mai ɗaki uku. Ka duba gidaje irinsa da aka bayar haya a kusa cikin wata shida, ka kira kamfanonin kula da gidaje biyu, ka duba adadin hayar da hukumar gidaje ta tarayya, HUD, ke fitarwa kowace shekara ga yankin. Duk sun tsaya a wajen dala 1,300 a wata, wato 15,600 a shekara.

Cire kashi 8 cikin 100 na lokacin da gidan zai zauna ba kowa da hayar da ba za a biya ba, dala 1,248. Saura 14,352. Kamfanin kula da gida zai ɗauki kashi 10 na abin da ya karɓo, 1,435. Harajin gida 2,400. Inshora 1,200. Ƙananan gyare-gyare 1,200. Ajiya don manyan abubuwa, irin su rufi da na'urar ɗumama gida da tankin ruwan zafi, 1,200. Jimillar kashewa 7,435. Abin da ya rage a hannu wajen dala 6,900 ne a shekara.

Idan kana son kowace dala 100 da ka zuba ta kawo maka 8 a shekara, raba 6,900 da 0.08. Ya ba ka 86,250. Wannan shi ne iyakar abin da gidan zai ci maka gaba ɗaya, daga saye har ranar da ɗan haya ya karɓi makulli.

Yanzu koma baya. Ɗan kwangilarka ya ce gyara 22,000. Ƙara kashi 15 cikin 100 saboda abin da za a gani bayan an ɓalle bango, ya zama 25,300. Kuɗin kammala ciniki da inshorar mallaka, wadda ke kare ka idan wani ya fito da haƙƙi a kan gidan, 2,500. Haraji da inshora da wuta da ruwa na wata uku da za a yi ana gyara 1,800. Cire duka daga 86,250, saura dala 56,650. Wannan ne farashinka na ƙarshe, kuma ladan holsela a cikinsa yake, ba a kansa ba.

Idan ya kama gidan a 47,000, akwai sararin 9,650. Idan a 54,000 ya kama, sararin 2,650 ne kawai, ko da ya ce shi bai saba karɓar ƙasa da 10,000 ba. Idan kuma a 38,000 ya kama, sararin ya haura 18,000.

Dubi yadda ƙaramar ƙarya ke girma. A ce ya rubuta haya 1,500 maimakon 1,300. Ƙarin dala 200 a wata 2,400 ne a shekara. Bayan an cire kason zaman banza da na kamfanin kula, saura wajen 1,990. A raba da 0.08, kusan dala 25,000 ke nan. Wato dala 200 da aka ƙara a baki tana sa ka ga kamar gidan ya cancanci ƙarin 25,000. Shi ya sa lambar haya ta fi kowace lamba buƙatar bincike.

Haraji ma yana da tarko. Abin da tsohon mai gida ke biya ba lallai shi za ka biya ba. A Michigan ana sake buɗe ƙimar harajin gida a shekarar da ta biyo bayan sauya hannu, kuma rangwamen da ake yi wa mai zama a gidansa yana faɗuwa. A South Carolina gidan da mai shi ke ciki ana lissafa harajinsa a kan kashi 4 na darajarsa, gidan haya a kan kashi 6. Kira ofishin harajin gundumar ka tambayi abin da mai bayar da haya zai biya.

Wanda ke shirin karɓar bashin banki a kan gidan bayan gyara don ya dawo da jarinsa yana da gwaji na biyu. A bashin da ke bin ƙa'idar Fannie Mae, wato babban kamfanin da ke sayen bashin gidaje daga bankuna, gidan haya mai iyali ɗaya ba a ba da fiye da kashi 75 cikin 100 na darajarsa idan za a fitar da kuɗi. Idan gidan zai kai 110,000 bayan gyara, kashi 75 shi ne 82,500. Tsakaninsa da 86,250 akwai 3,750 da za su zauna a cikin gidan. Ko ka yarda da haka, ko farashinka ya sauko zuwa 52,900.

Mataki na 4: Shiga gidan

Kada ka sayi gida a hoto. Holsela zai ce lokaci ya ƙure, mutum biyar na jira. Wataƙila gaskiya ne. Duk da haka nemi kwana uku zuwa biyar, ka shiga da ɗan kwangila ko mai duba gidaje. Idan kana wata jiha, ko wata ƙasa, biya wani wanda ba shi da alaƙa da holsela ya je.

A tsofaffin gidajen waɗannan birane abubuwa biyar ne suke cinye kuɗi. Bututun najasa da ke fita zuwa titi, wanda a tsofaffin gidaje na yumbu ne kuma saiwar bishiya na fasa shi. Ana zura kyamara a duba a kan 'yan ɗaruruwan daloli, sauya shi kuwa dubbai ne. Sai tsohuwar wayar lantarki da kamfanonin inshora da dama ke ƙin karɓa. Sai bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa idan ya fara lanƙwasowa ciki. Sai rufi, musamman wanda aka ɗora sabo a kan tsoho sau biyu. Sai fenti mai dalma a gidajen da aka gina kafin 1978, wanda dokar tarayya ta wajabta a yi wa mai saye da ɗan haya bayaninsa, kuma birnin Cleveland tun 2019 ya kafa dokar neman takardar shaida a kansa ga gidajen haya. Wasu garuruwan da ke kewaye da Cleveland ma sai jami'in gari ya duba gida kafin a sayar, a kuma ajiye kuɗin gyaran abin da ya lissafa.

Abin da ka gano ka kai masa a rubuce, da hoto da ƙiyasin ɗan kwangila. Ka ce: ka rubuta gyara 15,000, ga bututu ya karye, ga ƙiyasi 7,000, farashina ya sauka da 7,000. Wannan ciniki ne na gaskiya. Abin da ba gaskiya ba shi ne ka amince da farashi, ka bari sai saura kwana biyu, ka ce a rage 5,000 ba dalili, don ka san wa'adinsa ya kusa ƙarewa kuma ba shi da mafita.

Mataki na 5: Nawa ne adalci

A ƙananan gidaje ladan da aka fi ji yana yawo ne tsakanin dala 5,000 zuwa 15,000, amma babu dokar da ta kafa haka. Wasu masu saye suna kwatanta shi da kashi 2.5 ko 3 da dillalin mai saye ya saba samu, su ce a gidan 55,000 bai kamata ya wuce 1,700 ba. Kwatancin bai zauna ba. Dillali yana nuna maka gidan da ke kasuwa a farashin kasuwa. Holsela rahusa ya haƙo maka wadda ba ta kasuwa.

Ra'ayinmu shi ne, idan lambobinka da ka tantance da kanka sun tsaya a 56,650, kuma ya kawo gidan a 56,000, to ko 18,000 yake samu, bai cuce ka ba. Mai sayen da ya ga ladan a takarda ranar kammalawa ya tada ƙura, yana cewa ba zai yiwu wani ya ci wannan a kansa ba, ya manta cewa jiya ya amince da farashin yana murna. Haka nan idan sararin 2,650 ne, ba aikinka ba ne ka ciko masa daga aljihunka. Ya koma wurin mai gida ya nemi ragi, ko ya karɓi kaɗan.

Akwai dai lokacin da babban lada ke zama alamar haɗari. Idan ladan ya kai rabin abin da mai gidan zai karɓa, tambayi kanka wa ya sa hannu. Tsohuwar da hankalinta ya fara raguwa ce? Wanda bai san darajar gidansa ba ne, kuma aka ce masa holsela da kansa zai saya? Irin wannan ciniki 'ya'ya ko magada na iya kai shi kotu, kuma gidan a hannunka zai kasance lokacin. Bayan batun kotu ma, dukiyar da aka samo ta hanyar rufe wa mai rauni ido ba abin so ba ce. Nemi a nuna maka takardar da mai gida ya sa wa hannu cewa ya san za a miƙa yarjejeniyar ga wani da riba.

Mataki na 6: Zaɓi hanyar biya

Hanyar da aka fi bi ita ce miƙa yarjejeniya. Kuna sa hannu a takarda mai shafi ɗaya ko biyu, ka gaji matsayinsa na mai saye da duk sharuɗɗan da ya ɗauka, ladansa ya fito a layinsa a takardar lissafin kammala ciniki. Ta fi arha, ta fi fili. Matsalarta ɗaya ce: bankuna na yau da kullum ba sa son ba da bashin da ya haɗa da wannan lada, shi ya sa galibi da tsabar kuɗi ake yi, ko da kuɗin masu ba da bashin gajeren zango.

Hanya ta biyu saye biyu ne a rana ɗaya. Holsela ya saya daga mai gida da safe, sau da yawa da kuɗin aro na 'yan sa'o'i, ya sayar maka da rana. Ba ka ganin ribarsa. Ana biyan kuɗin kammalawa sau biyu, da harajin sauya mallaka sau biyu inda ake karɓarsa, kuma wannan ƙarin a wuyansa ya kamata ya kasance tunda shi ya zaɓi hanyar. Ga Musulmin da ke damuwa da hadisin Hakim ɗan Hizam na hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa, bambancin hanyoyin nan biyu yana da muhimmanci, domin a ta biyu gidan yana shiga sunan holsela kafin ya fita. Kai wa malami takardun yadda suke, ka bayyana masa lokacin da ake sa hannu a kowace.

Hanya ta uku ita ce ɗan tukuici ga wanda ya nuna maka gida kawai, kai ka yi ciniki da mai shi. A nan a yi hattara. A mafi yawan jihohi, karɓar kuɗi don haɗa mai saye da mai sayarwa aikin dillanci ne da ke buƙatar lasisi. Kuma idan akwai bashin banki na gidan zama a cikin cinikin, dokar tarayya ta 1974 da ake kira RESPA ta hana biyan cin hanci ko ladan turo ciniki a ayyukan kammalawa. Idan kana son wani ya riƙa nemo maka gidaje a kai a kai, mafi tsafta shi ne mai lasisi, da yarjejeniyar wakilci a rubuce, ko ka ɗauki mutum aikin bincike kana biyansa a kan sa'a, ba a kan ciniki ba.

Wani lokaci holsela zai ce a bar lada, a ba shi kaso a gidan. Lada yana ƙarewa rana ɗaya, abokin tarayya kuwa yana nan har a sayar da gidan. Kada ka shiga wannan da wanda ciniki ɗaya ya haɗa ku.

Mataki na 7: Kafin alƙalami da rubutun yarjejeniya

Holsela zai nemi kafin alƙalami, sau da yawa dala 2,000 zuwa 5,000, ya ce ba a mayarwa. Yana da hujja, domin idan ka gudu saura kwana uku shi ne zai ji kunya a gaban mai gida, ya kuma yi asarar nasa. Ka biya, amma da sharaɗi biyu. Kuɗin ya tafi asusun amana na kamfanin tantance mallaka, wanda ake kira kamfanin taitil, ko na lauyan da ke kammala cinikin. Kada ya tafi asusun holsela, kada ya bi ta manhajojin tura kuɗi irin su Zelle ko Cash App. Sannan a rubuta cewa idan kai ka fasa, kuɗin nasa ne, idan kuwa mallakar ta zo da matsala, ko mai gida ya ƙi sayarwa, ko wa'adi ya wuce ba laifinka ba, a dawo maka da shi duka.

Takardar miƙawa ta ƙunshi jimillar abin da za ka biya a lamba ɗaya, adadin ladan, cewa kafin alƙalaminka yana cikin jimillar, wa zai mayar masa da nasa kafin alƙalamin da ya ajiye tun farko, wa ke biyan kuɗin kammalawa, da ranar ƙarshe. Layi mafi nauyi shi ne wanda ya ce ladan ba ya wajaba sai gidan ya shiga sunanka. Karanta asalin yarjejeniyar har ƙarshe kafin ka gaje ta. Holsela da yawa suna yi wa mai gida alkawarin biyan duk kuɗin kammalawa, ko barinsa ya zauna wata guda bayan sayarwa, ko kwashe tarkacen da ya bari. Waɗannan alkawura kanka za su dawo.

Sayi inshorar mallaka ta mai gida, ko da tsabar kuɗi kake biya kuma babu bankin da ya tilasta maka. Binciken kamfanin taitil ne ke fito da bashin haraji, jinginar da ba a goge ba, bashin ɗan kwangilar da ba a biya ba, da takardar da wani holsela na daban ya yi wa rajista a kan gidan don ya tare ciniki. Tambaya a kan bashin ruwa da tarar hukumar gari daban, domin a wasu garuruwa suna bin gidan ne, ba mutumin ba.

Mataki na 8: Idan akwai ɗan haya a ciki

Gidan da aka tallata da cewa yana da ɗan haya mai biyan 1,300 ba shi da wannan daraja sai an tabbatar. Nemi yarjejeniyar haya, shaidar shigar kuɗi ta wata shida daga banki ba rubutun hannu ba, da takardar da ɗan hayan kansa zai sa wa hannu yana faɗin nawa yake biya, yaushe hayarsa za ta ƙare, nawa ya ajiye na jingina, da ko akwai alkawarin da aka yi masa da baki. Kuɗin jinginar a miƙa maka shi a takardar kammalawa, domin ranar da zai tashi kai zai tambaya. Idan yana cikin shirin tallafin haya na gwamnati da ake kira Section 8, kira hukumar gidajen yankin ka ji adadin da take biya da sakamakon dubawarta ta ƙarshe.

Idan an ce za a ba ka gidan ba kowa amma har yanzu da mutum a ciki, ko a ɗage ranar, ko a riƙe wani ɓangare na kuɗi a asusun amana har ya fita. Fitar da mutum ta kotu yana cin makonni a wasu jihohi, watanni a wasu. Riƙe dala 3,000 daga ladan holsela na kwana 30 a kan sharaɗin da aka rubuta tun farko adalci ne. Ƙirƙiro sharaɗin a teburin sa hannu ba adalci ba ne.

Mataki na 9: Ranar kammalawa

Nemi takardar lissafi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ka bi ta layi-layi. Ladan ya fito da sunansa da adadin da kuka rubuta. Kada ka ba da wani ɓangare a hannu a waje, ko da ya roƙa. Abin da bai shiga takarda ba ba ka da shaidarsa, kuma asara ce a wurin haraji: ladan yana shiga cikin kuɗin sayen gidan, kuma ɓangaren gini na wannan kuɗi ana rage shi daga harajinka a hankali cikin shekara 27 da rabi, ban da ɓangaren fili. Holsela ya cike takardar haraji ta W-9 ga wanda zai biya shi, mai lissafin harajinka ya faɗa maka ko akwai takardar rahoto da ta hau kanka.

Kafin ka tura kuɗi, kira kamfanin taitil a lambar da ka samo da kanka, ba wadda ke cikin imel ba, a karanto maka lambar asusun. 'Yan damfara suna kutsawa cikin imel ɗin masu ciniki, su turo sabon asusu ana saura kwana ɗaya. Kuɗin da ya tafi ta wannan hanya da wuya ya dawo.

Abin da ke kashe hulɗa, da abin da ke raya ta

Yankan baya shi ne mafi muni: holsela ya nuna maka gida, ka ɗauki adireshi, ka jira wa'adinsa ya ƙare, ka je wurin mai gida kai tsaye. Idan kun sa hannu a takardar hana zagaye, zai iya kai ka kotu. Ko ba ku sa ba, masu wannan sana'a a gari ɗaya sun san juna, kuma sunanka zai riga ka isa. Idan yarjejeniyarsa ta mutu da kanta, bayan wata huɗu mai gidan ya neme ka, kira holselan ka gaya masa, ku daidaita a kan wani abu ta hanyar da dokar jihar ta yarda.

Idan ciniki na farko ya tafi daidai, ba shi ma'auninka a rubuce: unguwanni da lambobin gidan waya, yawan ɗakuna, mafi ƙarancin haya, iyakar gyaran da za ka ɗauka, da abin da ba ka taɓawa, kamar gidan da harsashinsa ya motsa. Haɗa da shaidar kuɗi daga banki. Amsa masa cikin sa'a 24, ko da amsar a'a ce, ka faɗi dalili da lamba. Mai sayen da ke kammalawa a ranar da ya faɗa yakan samu kira kafin a tura gidan ga jama'a, kuma holsela da yawa sun gwammace 7,000 tabbatacciya a hannunsa da 12,000 a bakin wanda ba su sani ba.

Ajiye lissafi a kan kowane holsela. Bayan wata shida da sayen gida, jera abin da ya faɗa da abin da ya faru: ya ce gyara 15,000 an kashe 24,000, ya ce haya 1,400 an samu 1,275. Tura masa wannan takarda. Wanda lambobinsa ke faɗuwa kusa da gaskiya, ƙara masa dala 1,000 ko 2,000 a ciniki na gaba idan sararin ya ɗauka, a rubuta a takardar kammalawa kamar sauran. Wanda ya yi nisa da gaskiya sau biyu a jere, rage kashi 10 daga hayar da ya faɗa, ka ƙara kashi 30 a kan gyaran da ya rubuta, tun kafin ka ɗauki mota zuwa ganin gidan.